Bulalar korar tsuntsaye a ajina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

Tas! Har yau ƙarar nan tana kunnena. Ni malama ce a wata firamare da ke wani ƙauye wajen Auyo, shekarata ta farko ke nan, kuma Allah ya yi ni da sanyin murya. Na shigo aikin da burin in riƙa karanta wa yara waƙoƙi suna saurare, sai na tarar da 'yan aji biyar kamar tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonar shinkafa. Na yi lallashi, na yi roƙo, na buga tebur har tafina ya yi zafi. Wa ya ji ni? Ƙarshe hedimasta ya leƙo ya ce, “Malama, aji ne wannan ko kasuwar kifi? In ba za ki iya ba, akwai masu jira.”

Ranar ina tsaye hawaye na shirin zubo mini, sai Habu, wanda ya fi kowa girma a ajin, ya zaro bulalar kabar da yake korar tsuntsaye da ita a gonar babansa, ya kaɗa ta a iska. Aji ya yi tsit. Ya ce, “Ci gaba, Malama, ni na iya da su.” Na san an hana duka a makarantarmu, na san ya kamata in ƙwace ta, amma wallahi shirun nan ya ratsa ni kamar ruwan randa. Na ce, “Iska kaɗai za ka riƙa duka, ka ji ko?” Ya ce to. Tun daga nan ko ofis zan leƙa, shi nake bar wa ajin. Me ya hana ni tambayar abin da ke faruwa in na ba da baya? Ba tsoron amsar ba ne?

Wata yarinya mai yawan tambaya, Zulai, ta daina zuwa. Da hedimasta ya nemi dalili, na ce ruwa ne ya cinye hanyar garinsu, ban ko bincika ba. Yanzu shi ne yake yabona, har ya ce mako mai zuwa in tsaya gaban sauran malamai in koya musu yadda na ladabtar da ajina. Me zan koya musu, fisabilillahi?

Sai bayan ruwa ya janye, an gama girbi, na haɗu da mahaifiyar Zulai tana sayar da bandar kifi a kasuwa. Na ce, “Inna, hanya ta buɗe, a turo mana ita mana.” Ta ce, “Malama, ai kwale-kwale bai taɓa fasa ɗaukar yara ba. Bulala ce ta same ta a gefen ido, tambaya ta yi wa ƙawarta kan aikin da kika bari. An ce ke kika ba Habu izini, shi ya sa muka yi shiru.” Ta ƙulle mini kifina, har da gyara.

In na faɗi gaskiya aikina na iya tafiya, a kori Habu kan abin da ni na ɗora shi. In na yi shiru, Zulai tana gida. Jama'a, me zan yi?