Ƙofar Fijon Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan lafiya lau.

Ranar kasuwar Gummi na ajiye Fijon marigayi Baba gindin darbejiya, wata mota ta daki ƙofar baya, direban ya tsere. Mai gyara a Anka ya buge ta sumul, har da tsohuwar lotsawar da bijimin Baba ya yi da ƙaho. Wa ya aike shi!

Jiya da la'asar Inna ta daɗe tana shafa ƙofar, idonta can nesa. Ta ce, "Nan babanku ke ɗora hannu yana dariya. Ina kuka kai mini wurin?"

Ka sa ta a addu'a. A gaida Hajara da yara.

Ƙaninka,
Bello