Kofin da Bai Taɓa Shigowa Gidanmu Ba

Zuwa ga maigidana, Kyaftin ɗin Samarin Makera.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Ubangiji tana tare da kai a makwancinka, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya, ni da yara da jikoki. Baya ne dai yake ɗan taɓa ni, shi ma da sauƙi.

Dalilin wannan takarda, jiya jikanmu takwaranka ya shigo fuska a murtuke ya ƙi cin tuwo, wai ƙungiyar da yake goyon baya a Turai ta sake ƙarewa a ta biyu. Na yi dariya har da hawaye. Na ce masa ya ci abincinsa, wannan ciwon gadonsa ya yi.

Ka tuna shekarun nan na alif ɗari tara da tamanin da wani abu, muna gidan haya a Makera, kana aiki a masaƙa? Ka wuni a tsaye gaban inji, ka dawo da auduga a gashin gira, ruwa kawai za ka kurɓa ka ɗauki keke sai filin ƙwallo. Samari kuke kiran kanku, alhali rabinku da furfura a gemu.

Amma fa kun iya. Ni da ban san komai a ƙwallo ba ina jin labari a bakin famfo. A gasar unguwanni kun lallasa 'yan Nasarawa, kun kori 'yan Unguwar Television, har a Kakau mutane ke ba da labarinku. Kowace shekara sai kun kai wasan ƙarshe. Kowace shekara kuma sai ku tsaya kuna tafa wa wasu suna ɗaga kofi. Har suna aka sa muku, 'yan rakiya. Kai ko a jikinka. Ka shigo kana ɗingishi kana murmushi, kana faɗin maganarka ta kullum: "Mun dai buga ƙwallo mai kyau."

Ɗingishin nan shi ne damuwata. Gwiwarka ta dama ta fara kumbura tun ina goyon Hauwa. Ni ke dafa ruwa in gasa ta, in shafa man zafi, in naɗe da bandeji, kana cije leɓe kana ce mini ba komai. Likita ya gaya maka ƙiri-ƙiri, in ta sake buguwa tsayuwar awa ɗaya ma za ta gagare ka. Lokacin kuwa ana ta rage ma'aikata, wanda ba ya iya tsayuwa gaban inji ai ya san makomarsa. Ga yara huɗu.

Kai kuma ka riga ka yi rantsuwa, da kunnena na ji, a ƙofar ɗaki kana ɗaure igiyar takalmi: wallahi ba za ka ajiye ƙwallo ba sai ka ɗaga kofin nan.

To daga ranar babu mai son nasararku a duk Kaduna kamar ni. Ba don kofin ba, me zan yi da shi, ko ruwa ba a sha da shi. Mijina nake so a sakar mini da ƙafafunsa biyu. Duk ranar wasan ƙarshe sai na soya waina na yi sadaka. Na wanke jesunanku da hannuna, na goge da dutsen guga na gawayi. Da yamma in kasa kunne, in na ji ihu ya nufi Nasarawa maimakon layinmu, in mayar da tukunyar ruwan zafi kan wuta.

Maman Bulus ce ta tona maka asiri, maƙwabciyarmu 'yar Filato, matar golanku Yohanna. Muna shanya na ce mata mijinta ya daure ya kama ƙwallo bana. Ta dube ni galala, ta ce ashe ban sani ba, ai Yohanna bai taɓa buga wasan ƙarshe ba. Wai doka ce ka kafa: duk wanda ya yi ta zuwa atisaye shekara guda yana ɗumama benci, to ranar wasan ƙarshe tasa ce. Ka zaunar da gwanaye, ka zuba su Isiyaku mai faci, mutumin da in ya kai wa ƙwallo duka takalminsa ke riga ta isa raga.

Ranar na ƙona miya. Ni ina nan ina sadakar waina, ashe mai hana ruwa gudu a ɗakina yake kwana.

Da na tare ka da maganar ba ka musa ba. Ka ce sauran wasannin awaki ne kawai ke kallo, amma ranar ƙarshe gari ke fitowa, mai hoto ya zo, iyaye da mata da 'ya'ya su cika bakin fili. Ka ce: "Mutumin da ya sha rana da mu shekara guda, ya kamata 'ya'yansa su gan shi a cikin fili ko sau ɗaya." Har cikin raina na san maganar tana da kyau, shi ya sa ma ta fi ba ni haushi. Ka san bakina. Na ce adalcin naka na da ban mamaki, kowa ka iya zaunarwa a benci ban da kanka, kuma ranar da gwiwar nan ta tashi aiki sai ka kawo hoton mu dafa wa yara.

Ka ɗauki buta ka fita. Na yi zaton fushi ka yi, don satin nan gaba ɗaya maganarmu ba ta wuce ina kwana da ga abinci ba.

Wasan ƙarshe na shekarar shi ne na farko da na taɓa zuwa. Na yafa mayafi na bi Maman Bulus, muka raɓe wajen masu sayar da gyaɗa da rake. Niyyata in ga abin da ke raba ni da kai da idona. 'Yan wasa suka shigo a jere ina ƙirga kawuna ina neman naka. Babu. Sai ga Isiyaku sanye da jesinka mai lamba biyar, ta yi masa yawa har gwiwa, matarsa tana ta guɗa a bayana.

Can na hango ka a kan benci kusa da Yohanna, cikin rigarka ta zuwa masallaci, da silifa.

Kyaftin, ban taɓa gaya maka yadda na ji ba. Sai na dafa kafaɗar Maman Bulus. Na san me ranar nan take a wurinka. Shekara guda kake jiran ta, ka bar ta a kan maganar da na faɗa cikin fushi.

An cinye ku mana, biyu da ɗaya, me ake jira. Ta gefen Isiyaku aka zura duka biyun. Ka yi ta ihu daga benci har muryarka ta dishe, da aka tashi kuma kai ka fara rungume shi. Muka tako gida kana tura keke ina gefenka, yara na binmu da waƙar 'yan rakiya. Ranar ce ta farko da ka dawo daga wasan ƙarshe ban ɗora ruwan zafi ba.

Washegari ka je wajen liman a kan rantsuwarka, ka dawo ka ce sai an ciyar da miskinai goma kaffara. Ka faɗa kana kallon ƙasa kamar mai jin kunya. Ni na dafa abincin nan. Shinkafa da miyar kaza na yi, na zuba mai har yana kwanciya, kana ta mitar wai kaffara ce ba biki ba. A wurina biki ne, ban taɓa girki da farin ciki irin na ranar ba.

Ka ci gaba da horar da su daga bakin fili, da dokarka yadda take, suka ci gaba da zuwa na biyu har ƙungiyar ta watse. Wani lokaci in na ga kana bin ƙwallon yara da ido a layi, ƙafarka na motsi ita kaɗai, sai tausayinka ya kama ni. Na san abin da na karɓe maka. Ba ka taɓa goranta mini ba, ko da wasa.

Gwiwar ta riƙe ka a gaban inji har yaran nan suka gama makaranta. Da ita ka yi ɗawafi. Kuma har Asubar ranar da ka bar mu, a tsaye ka yi sallarka, ina bayanka ina kallo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Yadda ba ka manta da na kan benci ba, kada Allah Ya bar ka a baya ranar da za a kira bayinSa na gari. Ya sada mu a Aljanna Firdausi, amin.

Wassalam. Ni ce taka,
Maman Hauwa.