Kunnen Zomo da Tabarau na Ladi

Asabar da dare, Yuli 1956, Unguwar Dosa

Yau kam na ci nasara a kan Baban Ladi! Tun da likita ya rubuta wa Ladi tabarau yake mita, wai yarinyar ƙiwa ce kawai ke hana ta karanta allo, ni na ɓata ta.

Da yamma motar majigi ta zo filin makaranta, muka je mu uku. Muka makara, sai can baya muka samu wuri. Aka sa fim ɗin zane na wani zomo da kare ya ciji kunnensa, uwarsa ta ɗaure masa da tsumma. Ana cikin dariya sai Ladi ta ja rigar ubanta.

"Baba, sun yi kuskure! Ɗazu kunnen dama aka ɗaure, yanzu tsumman yana hagu."

Ya ce ta yi shiru, daga nan wa zai ga kunne? In ta yi kuskure, tabarau ya koma akwati ke nan. Allah ya taimaka, jama'a suka roƙi mai majigi ya maimaita. Baban Ladi ya ƙura ido har da miƙa wuya. Dama, sannan hagu! Har mutanen gefenmu suka tafa mata.

Yarinyar da bara ba ta gane ni daga bakin rijiya.

Da muka shigo gida na ji Baban Ladi yana ce mata, "Kawo tabarau in goge miki, ya yi ƙura."