Madaci Mai Lamba Sha Bakwai

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da tsutsotsinki na ɗakin bincike. Antinki tana gaishe ki.

Kwalaben nan tamanin sun iso. Na yi yadda kika ce: na huda gindin madaci tamanin, na ɗura wa kowanne kwalbar da ke ɗauke da lambarsa, na toshe ramin. Tafin hannuna har ya yi kanta.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kin san dokar dajin da nake gadi: itace mai rai ba a taɓa shi, wanda ƙwaro ya kashe kuwa, in na shafa masa jan fenti, ya zama na masu zarto. Shekara uku ke nan ƙwaron nan yana ciyar da su. Ranar Talata na kama su suna jan gungume cike da tsutsa zuwa ɓangaren da bai kamu ba. Ina buɗe baki, Dogo ubangidansu ya ɗauke ni da mari har hulata ta faɗi. Ni ma ban tsaya kallo ba, na sa masa ƙotar gatari a baki, ya tofar da haƙori biyu. Jina-jina aka raba mu. Yana tafiya yana cewa ya ji labarin allurar da muke yi wa itatuwa.

Yanzu ga roƙona. Kin ce rabin kwalaben magani ne, rabi ruwa ne zalla. Lamba sha bakwai ta faɗo kan madacin da Baba ya dasa shekarar da aka haife ki, na bayan bukkar gadi. Garin itace ya fara zuba a gindinsa, in na kara kunne ina jin su suna ci. Ki gaya min, magani na ba shi ko ruwa? Ba wanda zai ji.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Amin wa alaikassalam. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Anti da kyau.

Ka kusa hamsin kana dambe a daji. Don Allah ka kai ƙara ofis, ka bar ƙotar gatari.

Bari in sake yi maka bayani, tunda na san ba ka karanta takardar da na haɗo da kwalaben ba. Tsutsar nan ba ta girma sai ta yi saɓa, kuma a cikin ƙwayoyin halittarta akwai saƙon da ke ba jikinta umarnin yin saɓar. Maganinmu ba guba ba ne. Yana bin ruwan itace, tsutsa ta ci, sai ya rufe bakin wannan saƙo guda ɗaya. Fatarta ta matse ta, ta mutu a raminta. Da saƙon ƙwaron nan kaɗai muka auna shi, shi ya sa muke sa ran ba zai taɓa zuma ko tsuntsu ba.

Amma sa rai ba hujja ba ne. Kai ne kake zagayawa kana rubuta wanne ya yi toho, wanne ya bushe. In ka san mai magani, idonka zai yi masa kara ba tare da ka sani ba. Na san ka, za ka ma riƙa kai wa sha bakwai ruwa a jarka. Daga nan shaidar ta lalace, ba za a yarda a yi wa dajin gaba ɗaya ba. Jerin lambobin yana kulle a durowata, sai bayan wata shida za a buɗe.

Ni ma Babana ne, Yaya. Ba zan faɗa ba. Ka yi haƙuri.

Ƙanwarka,
Auta

*

Malama Auta,

Gaisuwa. Na ga wasiƙa, na sha karatu. Yarinyar da na goya a bayana yau ita ce ba ta yarda da idona ba.

Na kai ƙara ofis kamar yadda kika ce. Sun rubuta, sun ce za su duba. Jiya da safe na tarar da karena a ƙofar bukka, an raba kansa da adda, an shafe shi da jan fentina. Abokin aikina ya ajiye kakinsa ya tafi, ban ga laifinsa ba.

Dogo ya aiko min cewa in nuna masa arba'in masu magani. So yake ya zuba musu baƙin mai a saiwa a ɓoye, su bushe, a ce maganinku ne ke kashe itace. Na ce ban sani ba. Ɗan aiken ya yi dariya, ya ce mutumin da ya ɗura da hannunsa ne bai sani ba?

Ki ci gaba da riƙe makullinki.
Yayanki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Antinki ce. Daga asibiti nake rubutowa, kan benci, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Asabar da rana tsaka na kai wa yayanki abinci bukka. Tun daga nesa na ji ƙarar injin zarto, na ɗauka aiki ake yi. Ina isa na tarar su biyar sun ɗaure shi a jikin madacin Baba da igiyar jan katako. Fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Na yar da kwano na yi kansu, ɗaya ya make ni da gefen adda na faɗi, ya taka min wuya da takalmi. A haka na ga sauran, kuncina a ƙasa.

Dogo ya kwance masa hannun dama, ya shimfiɗa shi kan kututture, ya ɗauki guduma. Ya ce, "Malam mai gadi, lamba nawa da nawa?"

Yayanki ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Ya sauke masa guduma a ɗan yatsa. Auta, shekara ashirin da biyu ina aure da shi, ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Dogo ya sake tambaya, ya sake saukewa. A na uku yayanki ya fara ƙirgo lambobi da ka. Dogo ya ce ya maimaita, ya maimaito wasu daban. Sai ya ce, "Au, wasa ma kake yi da ni?" Ya tayar da injin.

Ba zan rubuta miki wannan ba. Likita ya ce daga wuyan hannu aka datse shi, ba abin da za a ɗinka. Masu ɗiban zuma ne suka jiyo ihuna suka zo da sanduna, da ba don su ba da gawa zan ɗauko. An kama uku, Dogo ya tsere.

Yayanki ya hana ni gaya miki. Ni kuwa ban iya haɗiyewa ba. Ya roƙe ki lamba ɗaya tak kin hana shi. Kina zaune cikin sanyin ofis da makulli a jaka, ga shi nan kwance. Da kin ba shi jerin lambobin nan, da yanzu yana cin abinci da hannunsa. Ina jin haushinki, gara in faɗa miki.

Sai kin zo, in za ki zo.
Antinki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jiki? Allah Ya ba ka lafiya. Na rubuta wasiƙar nan sau huɗu ina yagawa.

Anti ta yi gaskiya. Na yi ta lissafin idonka, ban taɓa lissafa hannunka ba. Na san an mare ka, na san an kashe maka kare, amma na zauna ina yi maka darasi.

Zan taso ranar Juma'a da zarar an ba ni hutu a wurin aiki. Kafin nan ga ƙaramin ambulan a ciki, na liƙe shi. Jerin ne gaba ɗaya, har da sha bakwai. Ban gaya wa shugabana ba. In ka buɗe, gwajin ya mutu, ni ma wataƙila aikina ya tafi, kuma ban damu ba. Kai ka biya shi, naka ne.

Ka yafe min.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Da hagu nake rubutu, kada ki yi dariya.

Ga ambulan ɗinki na dawo da shi yadda ya zo. Antinki ta ce in gaya miki ki taho da sabulu mai kyau, na asibitin nan yana sa ta ƙaiƙayi. Kin san ma'anar wannan: ta huce.

Ki daina cewa laifinki ne. Ni na san abin da ke raina a kan kututturen nan. Da na san lambobin, da tun a yatsa na biyu na ba shi arba'in ɗin duka, har da na Baba.

Masu zuma sun ce sha bakwai ya fitar da toho ta gabas. Saura wata huɗu. Ki taho min da sabon littafin zagaye, wancan jini ya ɓata shi.

Yayanki