Na Koma Asibitin Kalgo Ba Tare da Kai Ba

Zuwa ga mijina Yohanna, Baban Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ka riga mu zuwa wurinsa. Ni ce Saratu. Muna nan Gwandu a ɗakin da ka bar mu, ina kuma koyarwa a firamaren da ka sani. Yayanka ya sake aikowa daga Zuru cewa mu tattara mu koma gida. Na ce ya yi haƙuri tukuna.

Ba don wannan na rubuto ba. Sikilar Rahila ta tashi kwanan baya, irin tashin da ban taɓa gani ba.

Da can kai ne mai sanin abin yi. Kakan iso daga Kalgo ranar Asabar, ka jingine babur, ka taɓa goshinta, ka ja fatar idonta ka duba tun kafin ka sha ruwa. Wannan karon ni kaɗai ce a kanta, tana murƙususu tana kiran Baba. Na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya ƙi buɗewa. Hawaye kawai.

Inna Hajo, maƙwabciyarmu mai sayar da nono, ita ta jiyo mu ta katanga. Ta shigo ta ce, "Malama, tashi! Ɗiya ba ta jiran ki ƙare kuka." Ta goya Rahila da zanenta har tasha. A cikin bas tana jan carbinta, ni kuwa sunan Yesu kaɗai nake iya maimaitawa.

Na ce a kai mu asibitin da ka yi aiki, don can suka san jikinta. Rabona da wurin tun ranar da aka fito da gawarka. Teburinka yana nan bakin taga, wani ne zaune a kai. Ya gaishe ni da ladabi, bai san ko ni wace ce ba.

Aka ce sai an ƙara mata jini, nawa kuma bai dace ba. Na kira Fasto. Kafin la'asar sai ga Bitrus kafinta, abokin waƙarka a coci, da ƙurar katako a kansa. Ya naɗe hannun riga aka ɗebi jininsa.

Da Rahila ta farfaɗo ta tambaye ni, in dai Allah yana ƙaunarmu, me ya sa ya ɗauke ka ya bar mata ciwo. Sai na tuna abin da ka ce mini kana kwance, ranar da na yi maka irin wannan tambayar: "Ni ma ban sani ba, Saratu. Amma kada ki daina yi masa magana, ko da ƙorafi ne." Shi na faɗa mata. Ta rufe ido, ta gaya wa Allah cewa ba ta ji daɗi ba ko kaɗan, ta ce amin. Ni ma na ce amin.

An sallame mu. Ranar Lahadi muka je sujada, matan zumunta suka rungume ta, aka yi godiya. Da aka tashi kowa ya bi iyalinsa, mu biyu muka tako gida a hankali. Na tuƙa tuwo, ya sake yi mana yawa. Har yanzu hannuna bai koyi awon mutum biyu ba.

Ina kewarka, masoyina. Ban warke ba, amma ban saki Ubangiji ba, shi ma bai sake ni ba.

Ubangiji ya ƙara wa Rahila kwana da lafiya, ya sāka wa waɗanda suka tsaya mana. Ya ba ni ƙarfin gobe idan goben ta zo. Ranar da zai kira ni, ya same ni ina riƙe da shi, ka kuma zo ka tarye ni. Amin.

Matarka,
Saratu