Ba Feliks Ba Ne, Shu'aibu Ne

Agege, Ikko.

Zuwa ga Yayana Shu'aibu, a duk tashar da jirgin ƙasa ya sauke ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina da tambaya, kuma kada ka yi mini shirun nan naka. Yaya, wane ne dogon da ke tsaye a layin baya, hannunsa ɗaya a kan kofi, a hoton da 'yan kwaleji suka buga cikin tarihin ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando? Ni dai na ga kunnuwanka, na ga tabon ƙahon sa a goshinka. Amma a ƙarƙashin hoton an rubuta Feliks. To ko idona ne ya lalace, ko kuwa masu dogon karatu ne suka kasa rubuta sunan mutum?

Na aiko wannan ta jarida ne don ban san inda kake ba. Wani mai rakiyar shanu ya ce ya hango ka a Kano, wani ya ce Nguru, wani ya rantse a Jos ya gan ka. Na san ba ka karanta boko, amma ba za a rasa mai karanta maka ba. Sauran jama'a da ke leƙe su yi haƙuri, maganar gida ce ta fi ƙarfin gida.

Littafin ƙarami ne, akawun tasha ne ya miƙo mini ina ɗaure huhun goro, yana wani murmushi. Ka san ni da karatu. Babu malamin da ya zaunar da ni, a jikin taragon jirgi da tsoffin jaridun naɗe tsire na haɗa baƙi da baƙi, har Turancin ma na fara tsinta. Na bi shi a hankali daga bango zuwa bango. Sun faɗi yadda suka fara. Sun faɗi shekarun da duk wanda ya shigo filinsu sai ya lallasa su ya tafi. Daga nan wai sai al'amura suka juya, suka daina shan kashi, har suka ɗauki kofi. Dalilin juyawar, in ji su, ƙwazon ɗalibai ne da basirar Baturen da ke koya musu. Na duba ko'ina, babu Agege, babu mahauta, babu kai.

Ka tuna Saje Mamman da ya dawo daga yaƙin Bama da ƙwallo a cikin jakarsa? Ya cire zoben ganga ya kafa a jikin turke bayan rumfar goro, ya ce wannan wasan da hannu ake yi. Mu duka muka yi ta jifa kamar masu korar shirwa. Kai kuwa ka taso daga mahauta, ko rigar ba ka sake ba, ka miƙa hannu ka ajiye ƙwallon a ciki kamar mai rataye ƙafar sa. Saje ya dube mu ya ce, "Ku tsayin banza gare ku. Wannan tsayinsa yana da sana'a."

Ka tuna ranar da jirgin 'yan kwalejin ya daɗe a tasha yana jiran na shanu ya wuce, suka sauko miƙe ƙafa suka tarar da mu? Kyaftin ɗinsu, mai tabarau, ya tsaya yana kallonka har jirgi ya kusa barinsa. Bai yi mako ba ya dawo takanas, yana ta "Oga Dogo, Oga Dogo," kamar tare aka yi muku kaciya. Ya ce ɗalibai kaɗai doka ta yarda su yi wasa, amma akwai wani Feliks da sunansa ke cikin ƙungiya, ba ya zuwa fili. Abin da za ka yi kawai, in an kira shi ka amsa. Na ce maka ban yarda da mutumin nan ba, ka ce ni da bakina ko liman ban yarda da shi ba. Ka ce, "Sani, aro ne fa. In an tashi wasa zan mayar musu da abinsu."

Haka ka riƙa bin jirgi kana zuwa yi musu wasa, ka dawo da gwiwa a kumbure, ka kama wuƙarka da safe kamar ba inda ka je. Ban taɓa ganin ka da fara'a irin ta lokacin ba. Ni ma, don Allah, na ji daɗi. Yayana ne ke sa 'yan boko tsalle.

Sai wasan kofi ya faɗo a nan Ikko, rabin unguwa suka tafi kallo, har da mahauta. Aka kira 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce Feliks, fili ya ɗauki ihu, ka ɗaga hannu. Ina kusa da 'yan mahauta, na ga sun dubi juna. Kun ci, an ɗauki hoton nan, aka ɗaga ka sama. Ba wanda ya lura mutanenmu sun fice tun kafin a miƙa kofin.

Washegari Sarkin Fawa ya karɓi wuƙarka a gaban kowa. Ban manta maganarsa ba: "Wanda aka kira da sunan coci ya ɗaga hannu ba zai yanka wa Musulmi ba, sai mun ji ba'asi." Ka yi shahada a gabansa, ka rantse. Ya ce shi ya yarda, amma masu sayen nama ba a zuciyarsa suke ba. Waɗanda suka laƙaba maka sunan su fito su faɗa a fili cewa aro ne. Na zage shi a raina a ranar. Yanzu kam na gane tsohon yana tsaron amanar abin da mutane ke kai wa bakinsu ne.

Ka hau jirgi ka je kwalejin. Mai tabarau ya tare ka a bakin ƙofa, ko ciki bai shigar da kai ba. Ya ce in suka faɗa za a ƙwace kofin, ka yi haƙuri zuwa baɗi. Baɗi nawa ke nan, Yaya?

Abin da ya biyo baya ka fi ni sani. Kana wucewa ana "Mista Feliks, yau babu coci?" Kai da ba ka iya faɗa ba sai ka sunkuyar da kai, ni kuwa na fasa wa mutum biyu baki, bai gyara komai ba. Rannan na dawo daga tasha na tarar da takalman wasanka a ƙarƙashin gado, buta babu, bargo babu. Aka ce an ga ka hau taragon shanu da ke komawa Arewa ba kowa a ciki. Ko sallama. Wannan kam ban yafe ba tukuna, sai ka zo mun yi ta.

Ɗakin nan ya yi mini faɗi. Tabarmar da aka saƙa maka ta musamman don ƙafafunka na nan a jingine, ba ta dace da kowa ba. Har yanzu a kwano ɗaya ake zubo mini tuwo, in ci gefena in bar naka, sai na ankara in ji haushin kaina. Zoben ganga ya yi tsatsa, mata na shanya a jikin turken. In jirgin Arewa ya tsaya nakan bar goro in bi taragu ina duban kawunan da suka fi sauran tsawo. Abokan aiki sun gaji da yi mini dariya, yanzu sai su riƙe mini igiya har in dawo.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Don Inna ne.

Jikinta ya yi nauyi tun damina, idon ma ya dushe. Ka san kai ɗan fari ne, tun da muka taso ba ta taɓa kama sunanka ba. "Yayanku" ne, ko "wancan mai karo da ƙofa." Ko da ka tafi ba ta tambayi kowa kai tsaye ba, sai dai ta ce wai jirgin yau ya iso kuwa? Da ta ji labarin littafin ta ce in zauna in fassara mata. Gwaggo Hanne na gefe tana dama mata kunu. Na karanta shekarun shan kashi, na karanta na nasara, na zo kan sunayen da ke ƙarƙashin hoton. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙare. Ta ce in sake. Na sake. Wallahi na yi niyyar in cusa sunanka a tsakiya, wa zai kama ni? Harshen nan nawa da ba ya jin birki ya ƙi motsi.

Sai ta ce, "Ba su sa Shu'aibu ba?"

Ludayi ya tsaya a hannun Gwaggo. Inna ba ta rufe fuska ba, ba ta yi kamar bakinta ne ya suɓuce ba. Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ɓoyo. Yaya, ashe haka sunanka yake da daɗi. Na fita bayan ɗaki na daɗe ban dawo ba.

Na koma wurin Sarkin Fawa, na durƙusa, ni da ka sani. Ya ce maganarsa tana nan inda ya ajiye ta. Wuƙarka na naɗe cikin ƙyalle a ɗakinsa, bai ba kowa ba. Ranar da 'yan kwaleji suka faɗa a fili, ranar zai miƙa maka da hannunsa. Amma kai kada ka jira su. Ka zo ko babu wuƙa. Tuwon da nake bari ya ishe ka, kuma Inna ba ta da baɗin da za ta jira.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa kana samun mai tuna maka cin abinci. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya ara mata kwana har ta kira ka kana kusa ka amsa. Allah Ya juyo da jirginka Kudu.

Ni ne ƙaninka mai bakin nan,
Sani, na rumfar goro, tashar Agege.

Ƙari, tunda na san mai tabarau zai ga wannan, an ce yanzu babban ma'aikaci ne, jarida ake kai masa har tebur. Yaya, ka bar ni da shi. Ba a bakin ƙofa nake son amsa ba, ba kuma ta bakin ɗan aike ba. A wannan shafin, inda mahauta da masu sayen nama za su ji, ya fito ya faɗa: wane ne dogon da ke riƙe da kofin, kuma wa ya ba shi sunan Feliks? Matar da kunya ta rufe wa baki tun ranar da ta haife ka ta faɗi sunan. Shi me ya rufe nasa?