Kada Ki Biyo ta Bakin Port Royal

Zuwa ga Keziah, farin watan idona, ruwan daɗi a tsakiyar tekun gishiri, inuwar da nake hange duk ranar da rana ta dafa mu a kan katakon jirgi. Gaisuwa daga kurkukun Gwamna, inda ƙafata take cikin mari, zuciyata kuwa tana ƙofar ɗakinki.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a rumfarki ta kasuwar Kingston? Kina soya kifi da wainar rogo, hayaƙi ya sa ki hawaye, kika ce ba don tafiyata kike kuka ba. Na rantse miki tafiya ɗaya ce, in dawo da zoben aure. Wayyo masoyiyata, wa ya taɓa shiga fashin teku ya yi tafiya ɗaya?

A gari ana cewa muna kwana kan zinariya. Kan jiƙaƙƙen katako muke kwana. Burodinmu sai mun kaɗe tsutsa, ruwan shanmu kore ne, dasashinmu ya kumbura har haƙora suna zubewa a tafin hannu. Abokina Barnaby, wanda kike ƙara wa barkono don ki ga ya yi atishawa, harsashin igwa ya farfasa masa gwiwa. Ba mu da likita, kafinta ne ya yanke ƙafar da zarto, ni na danne masa ƙirji. Bai kai gaɓa da rai ba. Duk lokacin da na rufe ido don in guje wa ihunsa, fuskarki nake nema, kamar yadda mai nutsewa ke neman iska.

Jirgin yaƙin Sarki ya rutsa mu muna kankare gindin jirginmu a wani tsibiri, rabin mutanenmu a buge da giyar rake. An yanke mana hukuncin rataya. Tsohon mai kula da igwarmu har yanzu tsokanata yake: "Kai Dogo, kai kam sai an ƙara wa gungumen rataya tsawo." Muna dariya, don idan muka yi shiru ƙarar gudumar maƙera muke ji. Kejin ƙarfe suke ƙera mana. Za a shafe gawarmu da kwalta a sa a cikin kejin, a rataye a bakin mashigar ruwan Port Royal, ta zama gargaɗi ga matuƙa.

Ga roƙona, hasken raina. Kada ki zo. Kada ki ƙara hawa kwalekwalen da ke bi ta bakin Port Royal, ko kifin can kyauta ake rabawa. Yaya zan jure idanunki su sauka kan abin da tsuntsaye suka rage? Ki tafi wurin innarki a kan tudu, inda ba a jin warin teku.

Alƙali ya tambaye ni ko akwai macen da nake kai wa kayan fashi, domin irinsu ma kama su ake yi. Na dube shi na ce, "Ba ni da kowa a duniya." Na sha bulala, na sha yunwa, amma ban taɓa jin zafi irin na fitar wannan magana daga bakina ba. Idan mutanen Gwamna sun zo rumfarki, ke ma ki faɗi haka. Ki ce ba ki san ni ba, kada muryarki ta yi rawa. Ki ƙona wannan takarda.

Sunanki ba zai fito daga bakina a gabansu ba, amma da shi zan hau tsanin gungumen.

Naki har igiya ta yi aikinta, da bayan nan,
Ezekiel Penhale